Kada Ka Ji Kunyar Buta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Abbagana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya kai ka Garagumsa lafiya, ya sauke ka a hannun mutanen kirki, ya tsare ka daga sharrin hanya da na baki da na abin da ido ba ya gani. Amin.

Za ka yi mamaki a ce ɗakinka na kallon nawa amma sai da takarda zan yi maka magana. Kai ne na fari, kuma ka san yadda aka rene mu a Birni: uwa ba ta tasa ɗan farinta a gaba tana zuba zance. A lekol ɗin koyon jinya an koya mini in dubi maras lafiya cikin ido in tambaye shi sau nawa ya yi fitsari jiya. Na iya, har tsofaffi masu rawani na yi wa wannan tambaya ba tare da muryata ta yi rawa ba. Amma kai, ko ruwa zan miƙa maka sai na kalli bango. Shi ya sa na rubuta, na sa a jakarka ƙarƙashin rigunan aiki. In ka gan ta kafin ku tashi, ka bari sai mota ta wuce Tirmini sannan ka karanta, don kada ka dawo mu haɗa ido.

Abin da ya sa ni rubutun shi ne maganar da ka yi ran Juma'a. Kana cin tuwo ka ce wa babanka, amma da ƙarfin da zan ji daga madafa: “Ai ni na warke. In na je can zan ɗan huta da maganin nan, in ga ko cikin nan zai sauka.” Babanka ya ce, “Uhm,” ya ci gaba da cin tuwonsa. Ni kuwa ludayi ya suɓuce mini ya nutse cikin miya.

Difulom ɗina sabo ne, ko ƙura bai fara yi a bango ba, kuma ni ba lokotoro ba ce. Saboda haka duk abin da zan faɗa maka sai da na koma littafi na sake dubawa. Inda na sani zan ce na sani, inda ban sani ba zan ce ka tambayi lokotoronka. Amma yawancinsa ba a littafi na fara koyonsa ba. A kanka na koya, ta hanyar kurakuraina, kai kuma ka sha wahalar karatun.

Kafin komai, ka tuna abin da litiyom, maganin nan da kake sha, ya raba mu da shi. Ka tuna shekarar da ka dawo daga jami'a ba ka barci, ka ɗauki diga ka ce za ka haƙa rijiya a tsakar gidanmu wadda za ta shayar da Damagaram duka. Ka haƙa har ka ci karo da dutse, ka ce dutsen ne bai fahimci shirin ba. Yanzu muna iya dariyar wannan, babanka ma ya dasa zogale a ramin. Amma bayansa akwai watannin da ka rufe kanka a ɗaki, ba ka magana, ba ka cin abinci sai an roƙe ka. Wannan ba na dariyarsa. Ciwon naka haka yake, ya ɗaga mutum sama ya kuma sauke shi ƙasa, maganin kuma shi ya riƙe ka a tsakiya. Lafiyar da kake ji ba shaidar cewa ciwon ya tafi ba ce, shaidar cewa maganin na aiki ce. Wanda ya yanke shi rana ɗaya, ciwon yakan dawo masa, sau da yawa da sauri. Wannan na duba shi a wuri fiye da ɗaya.

Kuskurena na farko a kan ruwa ne. Da ka fara shan maganin, ba a daɗe ba ƙishirwa ta kama ka. Ka sha, ka ɗauki buta ka zagaya, ka dawo ka sake sha. Goni, limamin unguwarmu, da ya ga duk sanda ya leƙo zaure buta na hannunka, sai ya tare babanka bayan la'asar ya ce, “Malam Bukar, yaron nan ciwo ya yi masa rana. Ban taɓa ganin matashi mai riƙon alwala irinsa ba.” Har ya fara zancen ba ka ladanci. Babanka bai gyara masa ba, ya karɓi yabon ya shigo da shi gida.

Ni kuma a lokacin alkaki da nakiya kawai na sani, su nake sayarwa. Na yanke hukunci cewa ciwon sukari ne. Na riƙa bin bayanka makewayi ina duƙawa in ga ko kiyashi za su taru. Kiyashi ba su zo ba, amma ban haƙura ba. Na yi lissafina na mai talla: in abin da ke shiga ya ragu, abin da ke fita zai ragu. Sai na ɓoye moɗar randa. Ka sha da kwanon sha, na ɓoye shi. Ranar da na tarar da kai kana sha da murfin tukunya, na ji tausayinka, amma na ɗauke murfin.

Da muka koma gidan likita na ba lokotoro labarin dabarata ina jiran yabo. Ya cire gilashinsa ya ajiye a tebur.

“Madam,” ya ce, “ki mayar da moɗar yau. In da hali ki ƙara ta biyu.”

Ya bayyana mini, daga baya kuma na karanta da kaina: litiyom yakan sa ƙoda ta kasa riƙe ruwa yadda ta saba, sai fitsari ya yawaita, sai jiki ya nemi a mayar masa da abin da ya fita. Fitsarin ne ke jawo ƙishirwar. In aka hana mutum ruwa, fitsarin ba ya tsayawa, jikin ne ke bushewa, maganin kuma ya taru a jini har ya zama guba.

To, ga abin da nake tsoro. Can kai baƙo ne, kuma mushe ne sabo, wato malamin lekol, kowa zai zuba maka ido. Na san halinka, za ka iya yini da ƙishirwa don kada a ce baƙon nan ya cika sha, ko ka matse har fuskarka ta sauya don kada ka tambayi mai masaukinka ina makewayi. Kada ka yi. Ranar da ka sauka, bayan gaisuwa, tambayarka ta farko ta zama ina rijiya, ta biyu ina makewayi. Ka shiga aji da bidonka na ruwa. In ɗalibai sun sa maka suna Mushe Buta, ka amsa, an sa wa malamai sunayen da suka fi wannan muni. In kuma abin ya ƙaru har yana hana ka barci, kada ka rage ruwa, ka faɗa wa lokotoro, akwai gyaran da yake iya yi.

Kuskure na biyu daga na farko ya fito. Da aka yi mini faɗa a kan ruwa, sai na ce yanzu za a ga uwa. Duk sanda ka ce ƙishirwa, in aika a sayo sukreri, lemon kwalba mai sanyi. Fura sai na zuba mata sukari har ta manta da tsaminta. Alkakin da ya karye a wajen suya, wanda ba zai sayu ba, naka ne, kuma a shekarar alkakina ya riƙa karyewa da yawa. Ka fara cika. Gwaggonka Ya Kellu ta zo ta matsa damtsenka kamar mai tayin rago, ta ce, “Yanzu na ga ɗan gidanmu. Da can in ya juya gefe sai an neme shi.” A wurin biki mata suna tambayata me nake ba ka, ni kuwa ina sunkuyar da kai ina cewa ikon Allah ne, raina fari ƙal.

Ban lura ka daina zuwa ƙwallo ba. Ban lura in za a ɗauki hoto kana komawa layin baya ba. Ni dai ina ganin ɗana ya tashi daga ciwo ya yi jiki, kuma a wurinmu jiki shi ne lafiya.

Gaskiyar ita ce litiyom yakan sa wasu ƙiba, wannan sananne ne. Amma wanda ke kashe ƙishirwarsa da ruwan sukari yini guda, ko ba ya shan magani zai yi ciki. Saboda haka cikin da kake kuka da shi, wani kaso na maganin ne, wani kaso nawa ne. Na nemi yadda za a raba, littafi bai raba ba, amma ina zargin nawa ya fi girma. Kada ka hukunta maganin da laifin alkakina.

Can ma za ka haɗu da irina. Sabon mushe maras aure, kowane gida zai aiko maka da akushi, kuma kowace uwa za ta tambayi ɗanta ko ka cinye. Ka karɓa da godiya, ka ci abin da zai ishe ka, sauran ka kira abokan aiki. Ƙishirwa kuwa ruwa zalla ne maganinta. Ka riƙa tafiya da ƙafa da sanyin safiya ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ba. Ƙiba takan sauka, amma a hankali, kada ka hau ma'auni kowace safiya kana yi masa faɗa.

Na uku gajere ne, amma har yau in na tuna sai in ji zafi a kunnuwana. Ranar da za a fara auna maganin a jininka, na ɗauki abin kamar jarrabawa. Na ce a raina, in aka auna aka tarar babu, za a ce ba ma ba shi. Muna isa ƙofar labo, inda ake ɗaukar jinin, na kwance bakin zane na fito da ƙwaya, na yi mata addu'a, na ba ka ka haɗiye, muka zauna jiran layi. Da sakamako ya fito lokotoro ya miƙe tsaye. Ya duba idonka, ya ce ka miƙa hannuwa, ya ce ka yi tafiya a kan layin siminti. Sannan ya tambaye ka yaushe ka sha na ƙarshe. Ka kalle ni.

Na ce, “Ɗazu a bakin ƙofa, lokotoro. Don ya ci analiz ɗin.”

Ya ce, “Ya ci, Madam. Ya ci har ya wuce malaminsa.”

Dole aka sake huda ka wata rana, kai da ba ka son allura. Ka'idar ita ce a ɗauki jinin awa goma sha biyu bayan shan magani na ƙarshe. In ka sha da ƙarfe takwas na dare, a ɗauka da takwas na safe, kuma ba ka shan na safe sai an gama. Ranakun da lokotoro ya sa maka na dawowa Damagaram don analiz, ka nemi izinin direktan lekol tun da wuri. Daga Garagumsa zuwa Takeita ba nisa, can kuma mota ba ta yankewa.

Yanzu na zo kan wanda ya kusa yi mana ɓarna, kuma a lokacin ba ni da uzurin jahilci, don na riga na shiga lekol. Ka san saboda kai na shiga, ina zaune cikin ƴan mata sa'o'in ƙannenka suna ce mini Maman aji. A shekarar farko aka koya mana cewa gishiri na ƙara tansiyo. A makon nan kuma aka auna babanka aka ce jininsa ya hau. Na dawo gida da ilimi yana tafasa a kaina. Na tattara duk gishirin gidan, har guntun kantun da ke rataye tun zamanin kakarka, na ba maƙwabta su ba awaki. Na ce daga yau gidan nan kowa zai taya Malam jinya. Cikin bazara ne, mutum na zaune gumi na zuba.

Daren farko babanka ya ɗanɗana miya, ya ajiye lomar, ya ce, “Fanna, miyar nan takaba take yi?”

Na ce, “Lafiyarka nake nema, Malam.”

Ya ce, “To, Allah ya ba miyar haƙuri.”

Abin da ban sani ba shi ne, yana tashi daga rumfarsa ta dukanci yake biyawa wajen mai tsire, a barbaɗa masa yaji da gishiri son ransa, ya goge baki ya shigo gida da fuskar mai haƙuri. Kai kuwa, mai biyayya, ka yi ta cin tuwon takaba. Wanda aka hana gishiri bai rasa shi ko yini ɗaya ba, wanda ba a hana ba shi ya rasa.

Ba a jima ba hannunka ya fara rawa, ba ƴar rawar nan da muka saba gani in ka ɗauki kofi ba, rawa sosai har shayi na zuba a rigarka. Gudawa ta biyo baya. Kana tafiya kana dafa bango, harshenka ya yi nauyi. Ya Kellu ta zo da kaskon turare ta ce masu dutsen da ka taɓa da diga ne suka zo karɓar hakkinsu. Tana cikin zagaya ka da hayaƙi na ga idonka na lumshewa, na ce a kira mota. Kwana muka yi ana yi maka ƙarin ruwa, aka dakatar da maganin sai da jini ya sauka.

Ga abin da ya faru. Litiyom shi ma wani irin gishiri ne, ƙoda kuma ba ta cika bambanta shi da na miya ba. In jiki ya rasa gishiri, ƙoda takan riƙe duk abin da ya yi kama da shi, sai ta riƙe maganin maimakon ta fitar. Abin da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa kuwa kaɗan ne. Wannan darasin yana cikin littafin shekara ta biyu. Ni na tsaya a ta farko na yi aiki da ita.

Saboda haka gishirinka kada ya ragu, kada kuma ya ƙaru, ka ci kamar yadda ka saba. Kada ka ce tunda haka ne bari in riƙa lasa, yawansa kuma fitar da maganin yake yi. Kanwa ma haka: wadda ke cikin abinci ba komai, amma kada wani ya ɗora ka a kan jiƙa ta kana sha kullum don ciwon ciki. Shayi kuma, na san can ma akwai fada, majalisar samari, kuma ba a raba sabon mushe da butar shayi. Ka tsaya a kan abin da ka saba, yawansa na ƙara rawar hannu. In ka yi amai ko gudawa, ko zazzaɓin damina ya kama ka kana zuba gumi ba ka iya sha, kada ka haɗiyi ƙwayar lokacin sai ka yi magana da ma'aikacin lafiya, kuma a ranar, ba gobe ba. In kuwa ka ga rawar hannu mai ƙarfi, ko tangaɗi, ko nauyin harshe, ko barcin da ba ka san dalilinsa ba, wannan ba na jira ba ne. A sa ka a mota.

Akwai kuma zancen manto, babbar rigar sanyin nan. A bazarar da ta biyo baya, lokacin da mutane ke kwana a tsakar gida suna fifita, ƙadangaru ma suna buɗe baki a inuwa, sai ga ka ka fito cikin tsohon manton babanka na zuwa Agadas, ka zauna a rana. Ka ce sanyi kake ji. Ka yi nauyi, magana ɗaya sai ka yi mata shiri, barci ba ya isarka, fatarka ta bushe. Na ce lalaci ne, na tura ka rumfa ka taya babanka bugun fata. Ya dawo da kai ya ce ka yi barci a kan jakar mutane.

Ya Kellu ta ƙare maka kallo ta ce, “Ku bar yaro. Wannan ba ciwo ba ne, wata ce ta ƙi shi. Haka kawunsa ya yi, sai dai shi bargo ya yafa.”

Abin kunyar shi ne a watan nan na yi jarrabawa a kan tiroyid, wato ɗan naman nan na gaban wuya inda maƙoƙo ke fitowa, wanda ke riƙe da zafin jiki da kuzarinsa. Na jera alamomin rauninsa duka a takarda, na sami maki mai kyau, na dawo gida na wuce su zaune cikin manto na ce su tashi su yi shara. Analiz ɗin da aka saba yi maka ne ya kama abin. Litiyom yakan rage aikin tiroyid, ya fi yi wa mata, amma maza ma ba su tsira ba. Gyaransa ƴar ƙwayar nan ce da kake sha da safe kafin ka ci komai. Ita ma ba a barinta. In ka bar ta, ƙibar da kake gudu za ta ƙaru ne.

Shi ya sa ake duba tiroyid da ƙoda da kalsiyom kamar duk wata shida, ko yadda lokotoro ya tsara. Kalsiyom ɗin ban taɓa yin kuskure a kansa ba, kuma ina so in mutu ban yi ba: maganin yakan sa ya hau a jini a hankali, mutum bai sani ba, sai gajiya da taurin ciki, wani lokaci tsakuwar ƙoda. In ka ji jikinka ya mutu, kada ka yanke wa kanka hukunci cewa lalaci ne ko tsohon ciwon ne ya dawo. Ka bari jini ya faɗa.

Ranar kasuwa za ka ga masu tallan magani a faranti, kowace ƙwaya da launinta. In haƙori ko baya ya dame ka, kada ka karɓi ibuforofen ko dikulofenak, ko a farmasi ne, don suna hana ƙoda fitar da litiyom. Farasetamol ba ya yin haka. Wasu magungunan tansiyo ma suna tara shi, saboda haka duk wanda zai rubuta maka magani, ko na mura ne, ka fara faɗa masa abin da kake sha. Azumi kuwa, kafin wata ya kama ka zo ka tambayi lokotoro, ba ni ba, ba abokanka ba. In ya ce jikinka ba zai ɗauka ba, addini ya yi wa maras lafiya sauƙi, kuma Goni zai faɗa maka yadda ake yi. Kada ka bushe kanka don mutanen gari su ce mushe na da ibada.

Duk wannan da na lissafa ba zai yi amfani ba in babu mutum ɗaya a can da ya san halin da kake ciki. Ranar da harshe ya yi nauyi, ba kai za ka yi bayani ba. Wanda ya kamata ya sani shi ne majo, ma'aikacin jinyar da ke riƙe da ɗakin shan maganin garin. Na san ba ka so. Na san abin da mutane ke kiran irin wannan ciwo, da yadda iyaye za su iya kallon malamin ƴaƴansu in suka ji.

Ran Litinin na ce bari in sauƙaƙa maka. Na sa farar rigata ta aiki a ƙarƙashin hijabi, na tafi tasha, na shiga motar Takeita, da niyyar in je in sami majon in yi masa bayani irin na ma'aikaci da ma'aikaci, in dawo kafin ka lura. Muna zaune muna jiran mota ta cika, sai wata mata a gefena ta buɗe hira. Labarin ɗan maƙwabciyarta take ba mu, da sunansa da sunan ubansa da unguwarsu, da irin maganin da yake sha, da abin da ya yi ranar da abin ya motsa. Kowa na cewa Allah sarki, kowa kuma na matsowa don ya ji da kyau. Na buɗe baki zan ce mata wannan ba nata ba ne da za ta raba, sai na tuna inda za ni da abin da za ni yi. Bambancina da ita farar riga ce kawai. Ni da na yi alkawarin riƙe sirrin maras lafiya a gaban malamaina, ga shi maras lafiyar farko da zan fara tona wa asiri nawa ne.

Na tattara hijabina na sauka. Direban ya biyo ni yana cewa, “Hajiya, haƙuri kaɗan, saura mutum biyu mu tashi.”

Na ce, “Yanzu saura uku.”

Saboda haka majo bai san komai ba, kuma daga bakina ba zai ji ba. Maganar taka ce. Roƙonka nake ka je ka same shi a makonka na farko, ka rufe ƙofa, ka nuna masa takardar maganinka. Shi ma alkawarin da na yi ya yi.

Akwai kuma ƙirgar ƙwayoyi. Ka daɗe da sanin cewa in ka shiga wanka ina shiga ɗakinka in zazzage kwalbar in ƙirga. Na gane ka sani tun ranar da na tarar da ƙwayar gyaɗa a ciki, an jera ta cikin sahu. Daga gobe ba ni da kwalbar da zan ƙirga. Na ce wa babanka zan sa ka riƙa kirana a waya duk sanda ka sha, in ji ƙarar haɗiyar. Ya ajiye basillarsa ya ce, “Fanna, gwamnati ta yarda ta ba shi aji guda na ƴaƴan mutane ya riƙe. Ke ba za ki bar masa kwalba ɗaya ba?”

Na bar maka. Ba da daɗin rai ba, amma na bari.

Abu ɗaya nake nema a madadinta. In cikin nan ya ishe ka, ko ƙishirwar, ko ka gaji da ƙwayar kanta, ba laifi ba ne, jikinka ne kuma kai ke ɗauke da shi. Amma kada ka yanke shawara kai kaɗai a ɗakin haya. Ka zo ka zauna da lokotoro ka faɗa masa yadda ka faɗa wa babanka, da irin ƙarfin muryar nan. Yana iya rage adadi, yana iya sauya lokacin sha, akwai ma wasu magungunan in wannan ya gagara, kuma in za a bari, a hankali ake sauka ana dubawa. In ka zo, zan raka ka in kana so. Ba zan shiga ɗakin ba. Zan zauna a waje, kuma ba a bencin da ke ƙarƙashin taga ba.

Allah ya tsare mini kai a tafiyarka da zamanka. Ya ba ka lafiya mai ɗorewa da barci mai daɗi, ya sa ɗalibanka su ji maganarka, ya haɗa ka da maƙwabta masu rufa asiri. Ya kare ƙodarka da hankalinka da mutuncinka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Babanka na sa maka albarka, Ya Kellu na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, amin.

Ni ce mahaifiyarka,
Fanna,
Birni, Damagaram.